Yadda Ake Neman Kwangilar Wankin Jirgin Soja da Kare Shi Daga Tsatsa

Na daɗe ina da wurin wankin mota a Kwangila, ba nisa da gadar sama, kuma kullum ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Palladan suna shawagi a kanmu. Tun 1964 kwalejin take nan, don haka duk ɗan Zariya da ƙarar jirgi ya tashi. Amma ban taɓa ɗora hannu a jikin jirgi ba sai da wani kamfani da ya samu aiki a wani sansanin sojan sama ya ɗauke ni da yarana shida mu yi aiki a ƙarƙashinsa. Daga baya na yi rajistar nawa kamfanin. Tun lokacin matasa masu wankin mota daga Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada suke zuwa suna tambayata ta ina ake shiga. Abin da nake gaya musu a kan benci shi ne zan rubuta a nan.

Ka fara da sanin abin da gwamnati take biya kuɗi a kansa. Mai mota yana so ya ga ƙyalli ya tafi. Sojan sama kuwa tsatsa yake gudu, wankin hanya ce ta cire ƙura da mai da gishiri da kashin tsuntsaye waɗanda suke riƙe danshi a jikin ƙarfe, kuma dama ce ta duba jirgin taƙi-taƙi da ido. A satina na farko wani tsohon sajan, injiniyan jirgi, ya kira ni ƙarƙashin fiffike ya ce, "Alhaji, me ka gani a nan?" Na ce, "Oga, ai fes yake." Ya kama yatsana ya ɗora a gefen wata ƙusa. Fentin ya ɗan kumbura kamar ƙurjin zafi, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Da ya ɗaga shi da wata 'yar roba sai ga farin gari a ciki kamar toka. Ya ce wannan ita ce tsatsar alminiyom, kuma wanda yake jiran ya ga ja irin na kwanon rufi zai wuce ta sau ɗari bai gane ba. Ja na baƙin ƙarfe ne, kore na tagulla ne, fari ko ruwan toka na alminiyom da maganiziyom. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: inda fenti ya fashe, inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi a tsakaninsu, inda ruwa yake kwanciya a cikin jirgi, nan take farawa. A watan Afrilu na 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yage a sama a tsibiran Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, kuma binciken ya nuna gajiyar ƙarfe a mahaɗar fatar jirgin tare da tsatsa, a jirgin da ya yi shekaru cikin iskar teku.

Yanzu takardu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ita ce ginshiƙi, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, wato BPP, ce take kula da ita. Dokar ta ware kaya da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, shi ya sa ba kowane aikin soja ne zai fito a jarida ba, wani ana gayyatar kamfanonin da aka riga aka tantance ne. Wanda aka buɗe wa kowa ana tallarsa a manyan jaridu da mujallar kwangilolin tarayya. Ka riƙa dubawa duk mako.

Abin da talla take nema kusan ɗaya ne kullum: rajistar kamfani da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, shaidar hukumar fansho PENCOM, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, shaidar cewa sunanka yana cikin kundin 'yan kwangila na BPP, lissafin kuɗin kamfani na shekara uku da odita ya sa wa hannu, wasiƙar banki, da rantsuwar kotu. Wasu daga ciki sun danganta da yawan ma'aikatanka, tallar za ta fayyace. Ga abin da ya kayar da ni karon farko, kuma laifina ne: yawancin waɗannan takardu ranar 31 ga Disamba suke mutuwa. Na kai ambulan a watan Fabrairu da shaidar bara guda ɗaya a ciki, a gabana aka buɗe, aka ajiye nawa gefe, ko farashina ba a duba ba. Tun daga ranar, da an shiga Janairu sabunta takardu ne aikina na farko, ko da talla ko babu. Kuɗin fam kuma ta Remita ake biya zuwa asusun gwamnati, ba a hannun mutum ba. Wanda ya tare ka a bakin geti ya ce ka ba shi zai shigar maka, rabu da shi.

Ambulan biyu ake bayarwa, ɗaya na ƙwarewa, ɗaya na farashi, kuma ba a buɗe na biyu sai ka haye na farko. A na ƙwarewa ne ɗan wankin mota yake faɗuwa, domin ana son a ga wa zai tsaya a kan aikin. Ka nemi injiniyan gyaran jirgi mai lasisi ko tsohon sojan sama da ya yi ritaya, ka ɗauke shi da albashi na gaske. A wannan fanni mu 'yan Zariya mun yi dace: kwalejin Palladan tana yaye injiniyoyin gyaran jirgi, ga kuma AFIT, kwalejin fasaha ta sojan sama, a Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Yaranka kuma za a tantance su ɗaya bayan ɗaya kafin a ba su katin shiga, saboda haka ka ɗauki waɗanda ka san gidajensu. Ka gaya musu tun a gida cewa ba a ɗaukar hoto a sansani, ba a sa komai a Facebook.

Kafin ka rubuta ko sisi, karanta bayanin aikin har ƙarshe, ka je zagayen ganin wuri idan an kira. Wane irin jirgi ne, guda nawa, sau nawa a shekara? Super Mushshak na Pakistan da ake koyar da tuƙi da shi a Kaduna ƙaramin jirgi ne, mutum uku sun ishe shi. Jiragen yaƙi irin su Super Tucano, waɗanda guda 12 suka iso daga Amurka a 2021, ko Alpha Jet, suna da wuraren da farar hula ba ya taɓawa sam. C-130 kuwa, babban jirgin dakon sojoji da kaya, sai da tsani da dandamali da igiyar ɗaure ƙugu. Kowanne da littafinsa, kuma littafin ne alƙali. Sojan saman Amurka suna da wani kundi mai lamba TO 1-1-691, wanda ya raba sansanoni gwargwadon tsananin tsatsa: inda ta yi tsanani wanki duk kwana 30, matsakaici kwana 90, mai sauƙi kwana 180. Wannan tsarinsu ne, amma yana koya maka tunani. Jirgin da yake Legas ko Fatakwal iskar gishiri ce abokiyar gabarsa. Namu na nan Arewa ƙurar hunturu ce take shiga kowace kafa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama laka a inda ido ba ya kaiwa. A ganina wankin da ya fi kowanne muhimmanci a ƙasarmu shi ne na ƙarshen bazara, kafin ruwan farko.

Wurin farashi ne zan fi ja maka kunne. Doka tana ba wanda ya fi araha cikin waɗanda suka cancanta, shi ya sa mutane suke karya farashi don su ci, daga baya su koma sayen omo a kasuwa. Kada ka yi. Omo da sabulun soda da ruwan wanke inji na gareji suna cin alminiyom, masu asid kuma suna sa ƙarfen ƙafar jirgi ya yi gautsi ya karye ba gargaɗi. Sabulun jirgi yana da lambar ƙa'ida, irin su MIL-PRF-85570 da MIL-PRF-87937, man kariya daga tsatsa kuma irin su MIL-PRF-81309. Daga waje ake shigo da su, da dala, kowace jarka da takardar shaidarta da ranar lalacewarta. Ka samo farashi a rubuce daga dillali, ka bar sarari don hawan dala. Ka lissafa ruwa: wa zai kawo, kuma an gwada shi? Ruwan burtsatse ba ɗaya ba ne, wani yana da gishiri, ka kai shi ɗakin gwaji a jami'a a auna maka kafin ka dogara da shi. Ka lissafa dizal, safar hannu, tabarau, takalman roba, inshora, da inda ƙazamin ruwan zai tafi, domin mai da sinadari ba a sakinsu cikin kwata. Sannan harajin VAT na kashi 7.5, da harajin da ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso hannunka, da kuɗin da banki zai caje ka: lamunin shiga takara yana iya kaiwa kashi 2 na farashinka, lamunin kammala aiki kuma ba ya gaza kashi 10. Ko kafin alƙalami ba a ba da shi sai da lamuni. In ka haɗa duka ka ga ba riba, bar shi ya wuce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar wanki ba ka taɓa jirgi sai injiniyan soja ya tabbatar an cire makamai, an kashe wuta, an sa wa tayoyi waigi, an haɗa wayar da take sauke lantarki ƙasa, ya sa hannu. Sannan a rufe duk inda ruwa bai kamata ya shiga ba: bakin inji, birki, da ƙananan hudojin da suke auna gudu da tsayin jirgi. Wannan rufin yana iya kashe mutane. Ranar 2 ga Oktoba 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Aeroperu ya faɗa teku kusa da birnin Lima, mutum 70 suka rasu, saboda salatif da aka liƙa a kan waɗannan hudoji lokacin goge jirgin ba a cire shi ba. Ni a wurina duk abin da aka liƙa sai an ɗaura masa jan ƙyalle mai tsawo, a rubuta shi a takarda da lamba. Haka soso da burushi da tsumma, ana ƙirga su da safe a ƙirga da yamma. In ɗaya ya ɓace ba mai tafiya gida.

Da sassafe ake yi ko a inuwar rumfar jirgi, domin ranar Zariya ta Maris tana busar da kumfa a jikin fenti kafin ka juya. Injin feshin wankin mota ka bar shi a gida, ƙarfinsa yana tura ruwa cikin mahaɗai ya wanke giris, kundin Amurkawan nan iyakar ƙarfin feshin ruwan da ya yarda da shi 175 psi ne a ma'aunin matsi. A jiƙa, a shafa kumfa daga ƙasa zuwa sama a ɗan ƙaramin wuri, a goga da soso mai laushi, a ɗauraye tun bai bushe ba, a matsa gaba. Gilashin kan matuƙi roba ce, in ka share ƙurar hunturu a kansa da busasshen tsumma ka zane shi har abada, sai an kwarara masa ruwa tukuna. Soson ƙarfe haram ne a kan alminiyom. Bayan an gama a buɗe hudojin tsiyayar ruwa na cikin jirgi a tabbatar ba su toshe ba, a duba ko zanzaro ya yi gini a wata kafa, domin a nan yankin yana yi cikin 'yan kwanaki. A duba ramin tayoyi da akwatin batir da bayan salansa, a sake sa giris, a fesa man kariya inda littafi ya ce.

In yaronka ya ga tsatsa, aikinsa ya nuna, ba ya kankara. Kankarewa da auna zurfin da ta ci da shafa sinadari da sake fenti duk suna da iyaka a littafi, kuma injiniya ne yake yanke hukunci. Wasu daga cikin sinadaran nan suna ɗauke da kuromiyom mai jawo ciwon daji, kada ka bar ɗan mutane ya taɓa su ba safar hannu da abin rufe hanci don ka rage kashe kuɗi.

Sai batun karɓar kuɗi. Doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan ka miƙa takardar neman biya ya zama jinkiri, amma ni na taɓa jiran wata bakwai a wani ofis, na sayar da mota na biya yara. Abin da ya cece ni takardu ne: kowane wanki da lambar jirgi, kwanan wata, lambar jarkar sabulu, abin da muka gani, da sa hannun injiniyan da ya karɓi aikin a ranar, ba washegari ba. Ka tanadi albashin wata shida kafin ka sa hannu a kwangila. In ba ka da shi, ka yi yadda na yi, ka shiga ƙarƙashin babban kamfani shekara biyu ko uku, ka roƙi wasiƙar kammala aiki duk lokacin da kuka gama, domin talla za ta nemi shaidar irin aikin da ka taɓa yi, kuma waɗannan wasiƙu ne za ka sa a ambulan ɗinka na farko.