Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Tsara Gine-gine Riƙon Amanar Sana'a

Malamin da aka danƙa wa darasin ɗa'ar sana'a yakan tarar an tura masa shi can shekarar ƙarshe, lokacin da ɗalibai suka riga suka saba da yadda ake gudanar da aiki a gari, sai su haddace dokokin domin jarrabawa su manta da su ranar da aka fara tayin kuɗi. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin malamai da kuma masu ofisoshi a Yamai waɗanda ke karɓar matasa masu koyon aiki, har da waɗanda suka dawo daga makarantar koyon tsara gine-gine ta EAMAU da ke birnin Lome. Manufarsu ita ce a sauko da darasin daga allo zuwa teburin zane da filin gini, domin a can ne ake gwada mutum.

Mataki na farko shi ne a fara da hatimi da sa hannu tun makon farko. Malami ya kawo zanen wani gida mai hawa biyu wanda ba a rubuta sunan kowa a kansa ba, ya ce wani Alhaji ne ya zo da shi, wani yaro ya zana masa a kwamfuta, abin da yake bukata kawai a buga hatimi domin ya samu takardar izinin gini, kuma zai biya nan take. Kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa kafin a buɗe muhawara. Bayan haka ne za a karanta musu ƙa'idojin ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, wato Ordre des Architectes du Niger, a kuma bayyana musu alhakin shekara 10 da dokar da aka gada daga Faransa ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila idan gini ya lalace saboda kuskuren aiki. Wanda ya gane cewa hatiminsa zai bi shi har shekara 10 ba zai ƙara ɗaukarsa kamar abin da ake bayarwa aro ba.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne a kai su shantiye, wato filin gini, ranar da ake zuba kankare, a ba kowa awo da littafin rubutu. Ha'inci a gini lissafi ne, kuma wanda bai iya lissafin ba ba zai gan shi ba ko da a gabansa ake yi. Kankaren ginshiƙi da na dakali yana bukatar kimanin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. A sa ɗalibai su ƙirga buhunan da aka farke da bahon yashi da na tsakuwa da aka juye, su ga ko sun kai. A ba su ƙarfe mai kaurin milimita 12 da mai 10 su riƙe a hannu. Ido ba ya ganin wani bambanci mai yawa, amma idan suka yi lissafin faɗin bakinsu za su samu murabba'in milimita kusan 113 da 79, ma'ana wanda ya musanya na farko da na biyu ya zare kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen da aka zana, kuma da an rufe shi da kankare babu mai sake gani. Haka nan batun ban ruwa: kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, amma a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40 kuma ruwan famfo ke yankewa, wannan shi ne abu na farko da ake tsallakewa. Duk abin da ɗalibi ya gani ya rubuta shi a littafin shantiye da kwanan wata, ya sa hannu. A nan kuma ake koya masa yadda zai yi wa babban magini magana, domin yaron da ya daka wa dattijo tsawa a gaban leburori ya ɓata aikin ko da gaskiya ce a bakinsa. Ya ja shi gefe ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, ƙarfen nan ba shi ne a takarda ba, kuma ni za a tambaya."

Mataki na uku shi ne gwajin cewa a'a, kuma dole a yi shi da baki a cikin aji, ɗaya ya zama mai zane, ɗaya ya zama mai gida. Matsin da ya fi karya matashi ba ya zuwa daga baƙo. Daga kawunsa yake zuwa, ko surukinsa, ko wanda ya biya masa kuɗin makaranta. A ɗauka kawu ya sayi fili mai araha a bakin kwarin Gunti Yena ko a ƙasan Harobanda, yana so a fara haƙa kafin damina. Ɗaliban Yamai ba sa bukatar a ba su labarin ambaliyar watan Satumba na 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da Kirkisoye, domin wasunsu a ajujuwan makaranta iyayensu suka kwana. Abin da suke bukata shi ne kalmomin da za su faɗa ba tare da zumunci ya tsinke ba: "Kawu, ba ƙin aikinku nake yi ba, amma wurin nan hanyar ruwa ce. Ku bari in nuna muku abin da zai ci idan za a ɗaga shi, in kuma bai yiwu ba mu nemi wani." Daga nan sai kowa ya mayar da maganar wasiƙa mai shafi ɗaya. Misalin benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, yana da amfani a nan, domin injiniyoyin da suka fara aikin sun janye a rubuce tun shekarar 2020. Malami ya tambayi aji ko wasiƙar janyewa ta wadatar, ko kuwa akwai hukumar da ya wajaba a sanar, ya bar su su yi gardama.

Mataki na huɗu ya shafi abin da mutum zai yi idan kuskuren nasa ne. A 1978, tambayar wata ɗaliba ta sa injiniya William LeMessurier ya sake duba lissafin benen Citicorp mai hawa 59 a New York, ya gano cewa iskar da ke bugun kusurwa za ta iya kayar da shi saboda an haɗa ƙarafan da ƙusoshi maimakon walda. Ya je da kansa ya faɗa wa masu ginin, aka riƙa gyara da dare. Sai dai ba a bayyana wa jama'a girman haɗarin ba har 1995, kuma wannan ɓangaren ne ya kamata a tsaya a kai, domin littattafai da yawa suna yabonsa su wuce.

Mataki na biyar shi ne ba kowa haƙƙinsa na suna da na ilimi. Ɗalibin da ya kwafo zane daga intanet ya manna sunansa a mayar masa da aikin ba tare da maki ba. Amma batun ya wuce nan, har zuwa ga maginan gargajiya da ake ɗibar fasaharsu ba a ambace su ba. A jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Yama da ƙasa a 1962, kuma aikin ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aikin da aka kammala a 2018, sun gayyato maginan garin suka yi aikin tare. Idan da hali a kai ɗalibai su ga wuraren nan biyu, a sa su rubuta sunan kowane magini da suka yi hira da shi a cikin rahotonsu. Gaskiyar da ake bin mai gida ma tana shiga nan: wanda ya zana bango na gilashi yana fuskantar yamma ya faɗa wa mai gida abin da zai riƙa biyan kamfanin lantarki na NIGELEC duk wata.

Batun kuɗi kuma ba ya bukatar dogon bayani. La'adar da mai sayar da siminti ko tayil ke miƙo wa mai zane domin ya tura masa ciniki, in mai gida bai san da ita ba, cin amana ce, kuma yarjejeniyar da ba a rubuta ba ita ce asalin yawancin rigima.

Saura batun maki. Kada a ware jarrabawar ɗa'a ita kaɗai. A sa wani kaso a cikin kowane aikin zane, a duba ko akwai ƙofar fita idan gobara ta tashi, ko mai keken guragu zai iya shiga, ko indararo bai zuba a gidan maƙwabci ba, ko taga ba ta leƙa tsakar gidan mutane ba. Malamin kuma da ke da ofis a gari, idan ya ɗauki zanen ɗalibi ya kai gasa ko ya sayar, ya nemi izininsa tukuna, ya rubuta sunansa a ƙasan takardar, ya kuma biya shi.