Darasi na 6: Takin ruwa daga ɗanyen ganye

Ɗanyen ganye idan ya jiƙu a ruwa ya ruɓe, ruwan yakan zama taki mai saurin aiki a lambu. Ganyen tafasa, na zogale, na dogon yaro da ɗanyar harawar wake duk suna yi. A tsinko su tun suna da taushi. Ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya a bar ta, don irinta zai bi ruwan ya tsiro a lambun.

Ma'auni shi ne ganye kilo 1, ruwa lita 10. A yayyanka ganyen, a zuba a bokitin roba ko randa, a ɗora dutse don ya nutse. Kada a yi a durom na ƙarfe, tsatsa zai yi. Ruwan sama ko na rijiya ya fi. Na famfo a bar shi ya kwana tukuna.

A ɗaure bakin da buhu ko tsumma, a ajiye a inuwa, nesa da yara. Tsumman zai hana sauro yin ƙwai, iska kuma ta samu hanyar fita. Kullum a juya da sanda. Bayan kwana 2 ko 3 zai soma kumfa da wari. Warin yana da ƙarfi ƙwarai, amma ba lalacewa ba ce, shi ya sa gara a ajiye shi can ta bayan gidan, nesa da ɗakuna. Da zafi yakan nuna cikin kwana 10, da hunturu ya kai sati 2 ko fiye. Alamarsa ita ce kumfa ta kwanta, ruwan ya yi duhu. Sai a tace. Tukar a kai ta ramin taki.

A nan ne aka fi yin kuskure: zuba shi tsagwaronsa. Yana ƙona saiwa, ganye ya yi ja a baki-baki. A gauraya gwangwani 1 da gwangwani 10 na ruwa, har ya yi kalar shayi marar kauri. Ga ƙananan dashe, gwangwani 20 na ruwa. A fara ban ruwa, sannan a zuba a gindin shuka da yamma, sau ɗaya a sati 2.

Alayyahu, kabeji da masara suna sonsa. Tumatir da tattasai kuwa, da sun fara fure a rage musu, in ba haka ba ganye za su yi ta yi, 'ya'ya kaɗan. Latas da sauran abin da ake ci ɗanye, kada ruwan ya taɓa ganyensu, kuma a dakata sati 2 kafin cira.