Yadda Ake Shirya Ƙaramin Yaro Kafin Sallah, Hutu da Sauyin Gida

Na daɗe ina koyar da yara a jardan, wato makarantar ƙananan yara, a nan Damagaram. Idan yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko sarkin surutun aji ya yi tsit ya laɓe a kusurwa, tambayar da nake fara yi wa uwarsa ita ce: me ya sauya a gida? Sau da yawa amsar ba ta wuce an yi masa ƙani, ko baban ya tafi ci-rani, ko an kawo amarya, ko kuwa Sallah ce ta wuce aka kwana uku ba a yi barci kan lokaci ba. Ɗan shekara 3 zuwa 6 yana iya ɗaukar duk waɗannan, muddin an gaya masa tun da wuri da kalmomin da zai gane, kuma lokacin cin abincinsa da na barcinsa ba su watse ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da ƙaramar Sallah. Ki kai ɗinkinsa wurin tela tun farkon azumi, domin daga goman tsakiya sai dai alkawari. Takalmin da aka sayo a Kasuwar Dole kada ya kwana a leda har ranar idi. Ki bar shi ya taka shi a tsakar gida kwana biyu ko uku, in zai ci masa dunduniya a gani tun a gida. Ƴan mata ƙanana a sa musu jan lalle na gargajiya. Baƙin nan mai kamawa nan take ana haɗa shi da sinadarin rini, yana iya ƙona fatar yaro.

Daren jajibere ki zaunar da shi ki ba shi labarin gobe daki-daki: za a yi wanka, za a ci abinci, za a je idi, sannan za a je Birni ƙofar fada a ga dawaki. Ki gaya masa kakaki da tambura suna da ƙara, dokin kuma zai tashi tsaye amma ba zai zo wurinsa ba. Ku tsaya daga baya kusa da lungun da za ku iya fita, uban ya ɗora shi a wuya. Ki rubuta lambar wayarku a ƴar takarda ki sa masa a aljihu, kuma tun kafin ranar ki koya masa cikakken sunan babansa da sunan unguwarku. Yaron da zai iya cewa "gidanmu yana Garin Malam" ba ya daɗewa a hannun mutane. Yawon Sallah kuwa, wanda bai kai shekara 6 ba ba ya fita sai da babba. Yayarsa ƴar shekara 10 ba babba ba ce a ranar da ƴan kabu-kabu ke gudu kamar za su tashi sama.

Sai maganar kuɗin barka da Sallah. "Kawo in ajiye maka" ita ce ƙaryar farko da yara da yawa ke kama iyayensu da ita. Ku ƙirga tare, ki ba shi dala ashirin ya sayi abin da ransa ke so, sauran ya jefa a asusu da hannunsa. In kin taɓa don cefane, ki faɗa masa, ki kuma mayar.

Babbar Sallah tana da nata. Yaro ya yi makonni yana ba rago dusa da harawa, har ya raɗa masa suna, sai ya wayi gari ya gan shi a banƙare a jikin sanda. Ki gaya masa tun ranar da aka kawo ragon cewa na layya ne, za a yanka, za a raba wa maƙwabta da marasa hali. In bai so ya kalli yankan ba, kada a tilasta shi, kada kuma a ce masa matsoraci. Wutar da ake jera raguna a kewayenta tana wuni tana ci, don haka a ware mutum ɗaya wanda aikinsa duban yara ne kawai. Nama a ba shi kaɗan-kaɗan. In gudawa ta kama shi, a dama fakiti ɗaya na ruwan gishiri da sukari na kanti cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi, a kuma kai shi gidan likita.

Babban hutun lakwal, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ya faɗo daidai da damina, kuma a nan ne iyaye ke sakin linzami. Ni shawarata a bar makarantar allo ta riƙe safiya, a ci abincin rana, a kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Ba sai kin sayi kayan wasa ba. Ki ba shi gwangwanin tumatir ya huda gindinsa ya shuka wake ƙwaya uku, kullum da safe ya je ya duba. Ki sa shi ɓarar gyaɗa yana jerawa biyar-biyar, ko ya gina shanu da ƴan tukwane da laka bayan an ɗauke ruwa. Wannan aikin yatsu shi ne zai sa ya iya riƙe alli in ya shiga aji. Da dare in an ɗauke wuta, ki yi masa tatsuniya, gobe ki ce shi ya maimaita miki. Zai ɓata ta, zai sa Gizo a kan babur. Ki ƙyale shi.

Abu biyu ne ba na wasa da su a damina. Tafkunan da ke cika a cikin gari da bayan gari, yaro ba ya zuwa ko da rakiyar yayye. Sai zazzaɓin cizon sauro: gidan sauro kowane dare, kuma in masu rabon maganin rigakafi na ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sun zo, ki tuna na kwana uku ne a kowane wata. Na farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage yana wuyanki. In za a tura shi hutu wurin kaka a Mirya ko Matamaye, a haɗa shi da gidan sauronsa da zanen da ya saba rufa da shi, a ce masa "bayan Juma'a biyu za mu zo ɗaukarka", a kuma cika.

Haihuwa ita ce ta fi taɓa su. Na san kunya ba ta barin mu mu yi zancen ciki da yaro, amma "za a kawo mana jariri, kai ne za ka zama Yaya" bai keta kunyar kowa ba. In za ki raba shimfiɗa da shi ko ki yaye shi, ki yi tun da sauran watanni, kada ya ga ranar da jariri ya zo ita ce ranar da aka kore shi daga gadon uwarsa. In gidan kaka za a kai shi yaye, ya saba zuwa can tukuna. Ranar suna a ɗinka masa ko ƴar riga ce. Masu zuwa barka da ke tsokanarsa da "an ƙwace maka Mama", ki tare su da dariya ki ce, "Haba Inna, ai shi ne babban gida." Cikin kwanakin jego ki ba shi ƙaramin aiki, miƙo sabulu ko kore ƙuda, kuma ko yaya ki samu ɗan lokaci ki ɗora shi a cinya shi kaɗai. In ya koma maganar jarirai ko fitsarin kwance, duka ba ya gyara shi. Yakan wuce da kansa in hankalinsa ya kwanta.

In amarya za a kawo, uban ne ya kamata ya faɗa da bakinsa, a kuma tsayar da sunan da yara za su kira ta, Anti ko Umma. Malam, yaro bai san rabon kwana ba, don haka ko ba ranar girkin uwarsa ba ce ka leƙa ka dafa kansa. Ke kuma uwargida, kada ki aike shi ya gano miki abin da aka dafa a wancan ɗaki.

Wanda babansa ya tafi Agadas, Kano ko Libiya, kada a ce masa "ya je kasuwa". A ce ya tafi neman kuɗi, zai daɗe, a tsayar da rana ɗaya a mako da zai ji muryarsa ta WhatsApp. Rasuwa ma haka: in kin ce "ya yi tafiya", zai riƙa tsayuwa a zaure yana jira. Ki ce Allah ya yi masa rasuwa, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a, ki kuma shirya amsa tambayar nan sau da yawa.

In an koma lakwal a watan Oktoba, ki ja malamarsa gefe ki gaya mata abin da ya faru a gida lokacin hutu, ko da jimla biyu ce. Ki tafi da takardar haihuwarsa da katin rigakafi tun ranar rajista.