Kurakuran da ke ɓata binciken ɗaliban fiziyoloji da fatoloji

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a fannin ilimin aikin sassan jiki ko na cututtuka, a jami'a a Samaru yake ko a asibitin koyarwa na Shika ko na Barau Dikko, ba kasafai aikinsa ke lalacewa a wajen rubutu ba. Tsakanin ɗakin ɓeraye da teburin gwaji ɓarnar take aukuwa, kuma alƙalami ba ya gyara ta.

Ɓarnar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ta fi yawa. Sai a ciro hanta sukutum a cusa a 'yar kwalba, a zuba ruwan da da ƙyar ya rufe ta. Fomalin kuwa a hankali yake ratsa nama, kafin ya kai ciki tsakiyar ta ruɓe. Daga baya sai ɗalibi ya ga ruɓar a gilashin madubin ƙara girma ya rubuta cewa maganinsa ne ya kashe ƙwayoyin hanta. A yanka naman kada kaurinsa ya wuce milimita 4, a sa shi nan take, ruwan ya ninka shi aƙalla sau 10, a bar shi awa 24 zuwa 48. Haɗin kansa, kashi 1 na fomalin ɗin kanti a kashi 9 na ruwa, tare da gishirin fosfet. In babu fosfet yakan yi tsami, ya bar baƙin ɗigo mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda a Kaduna ba ƙaramin ruɗani ba ne. Naman da za a duba a gilashi kuma kada ya shiga firiza, ƙanƙara tana yayyaga shi.

Sai jini. Tura shi da ƙarfi ta siririyar allura, ko jijjiga kwalba, yana fasa jajayen ƙwayoyi, sai fotasiyom da AST, sinadarin da ake aunawa don duba lafiyar hanta, su hau ba gaira ba dalili. Kwalba mai murfi shunayya ta EDTA ce, sinadarin hana jini gudaji, ta ƙirgar ƙwayoyin jini. In aka auna gishirin jiki a cikinta, fotasiyom zai yi sama, kalsiyom ya faɗi. Sukari yana son mai murfi ruwan toka, domin jinin da aka ajiye yana cinye sukarinsa, balle a zafin Maris da Afrilu. Ruwan jinin a rarraba shi ƙananan kwalabe kafin a daskarar. Da yadda wuta take, narkewa da sake daskarewa ke kashe samfuri ba a sani ba.

Masu sa wa ɓeraye ciwon sukari da sinadarin STZ su narka shi a ruwan sitiret mai sanyi, mai ma'aunin tsami (pH) 4.5, su yi allura cikin mintoci, don baya jira. Masu amfani da aloksan, wani sinadarin mai irin wannan aiki, su ba ɓerayen ruwan gulukos a daren farko, in ba haka ba a wayi gari da matattu. Sai bayan awa 72 a auna sukarin jininsu.

Izinin kwamitin ɗa'a da lambar shaidar tsiro daga ma'ajiyar tsirrai, a karɓe su kafin a taɓa ɓera ko ganye. Mujallar kirki ba ta karɓar na bayan aiki.