Musayar gida lokacin hutu: yadda zaka ba baƙo makulli kuma ka yi barcinka

Musayar gida dai shine ku kwashi iyali ku tafi garin wasu ku sauka a gidansu, su kuma su zo Kano su sauka a naku, ba mai biyan kuɗin otal. A wajen Turawa tsohon abu ne, tun 1953 wasu malaman makaranta a Turai suka fara shi ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Intervac saboda suna da dogon hutu amma aljihu ba nauyi, yanzu kuma akwai shafukan intanet irinsu HomeExchange da ake biyan kuɗin rajista duk shekara. Mu nan ba ta shafin intanet muke bi ba gaskiya, ta sanayya ne, wani a Gwarinpa yana so yaransa su yi sallah a Kano su ga hawan Daushe in an yi, kai kuma kana so naka su sha iskar Abuja ko sanyin Jos a hutun Agusta. Ni sau biyu na yi, kuma zan ƙara.

Kafin komai duba gidan naka tukunna. In gidan gado ne a cikin gari irinsu Yakasai ko Mandawari, ga tsohuwa ga matan ƙanne ga "ba shiga" a bango, to ka manta da zancen kawai. Abin na mai fulat ne ko gida shi kaɗai, irin na Hotoro, Rijiyar Zaki, Janbulo da makamantansu. In haya kake ka faɗa wa mai gida da bakinka, kar ya ji a wajen mai gadi. Uwargida kuma ita ce farkon wadda za a nemi yardarta, don kicin ɗinta da gadonta za a ba wata mace, in ta ce a'a to an gama magana.

Sai babban aikin, wato sanin mutumin. Hoto mai kyau a Facebook ba shaida bane, kowa zai iya saka babbar riga da hula zanna ya ɗau hoto a bakin motar da ba tasa ba. Nemi mutum ɗaya tsakaninku wanda ya san shi ya san ka, wanda in abu ya lalace zaka iya zuwa ƙofar gidansa ka yi sallama, abokin aiki ne ko suruki ko wanda kuka yi makaranta tare. In babu irin wannan mutumin ni dai bana shiga, tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya. Bayan nan ku yi kiran bidiyo ta WhatsApp, ba sau ɗaya ba, ka ce ya zaga da kai gidan tun daga get har banɗaki, ya fito layi ka ga unguwar, matan su ma su gaisa su saba, wallahi a hirar mata ake gane abin da maza suka ɓoye. Ku nuna wa juna katin ɗan ƙasa, sunan da ke jiki ya zo ɗaya da na asusun banki. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗin kafin alƙalami don ya riƙe maka gida, ɗan damfara ne, ai musaya ce ba haya ba.

Ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: ranar shiga, ranar fita, mutum nawa ne, yara nawa, za a kawo baƙi su kwana ko a'a. Wannan na ƙarshen kar ka ji kunyarsa, mu Hausawa mutum biyar aka ce sai ka ga goma sha biyu saboda ƙanwar Hajiya ta biyo da nata yaran. Sai zancen wuta, inda na ƙone a karon farko, na bar mita cike da kati da silindar gas sabon cikawa, na dawo na tarar mita na kuka gas kuma ko shayi ba zai dafa ba, ba mugunta suka yi ba, ba mu yi maganar bane kawai. Yanzu hoton mita nake ɗauka ranar tafiya, kowa ya sa katin da zai sha, man janareto ma haka. Mota kam bana haɗawa da ita sam.

Ware ɗaki ɗaya ka zuba takardun gida, takardun makaranta, fasfo da laftof ka kulle ka tafi da makullin. Gwal ɗin Hajiya kuwa ko a ɗakin kar ya kwana, a kai gidan iyayenta. Wannan ba zargi bane, shi kansa baƙon ya fi samun natsuwa in ya san ba abin da zai ɓata a ce shine.

Ka kai maganar wajen mai unguwa da maƙwabcinka na jikin katanga da 'yan sintirin layin, ka ce Malam wane da iyalinsa za su zauna daga ranar kaza zuwa kaza, don a yanayin da ake ciki baƙuwar fuska na buɗe get da dare ba ƙaramin tashin hankali bane. Makulli na biyu ka bar shi hannun ƙaninka ko wani naka da ke kusa. Kuma dan Allah a daina saka "mun tafi hutu" a status tun ana tasha.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka rubuta musu takarda ka manna a firij: yadda ake juya layi daga NEPA zuwa sola, awa nawa ake kunna burtsatse kafin tanki ya cika, famfon da ke ɗiga, lambar mai gyaran wuta da ta ɗan garuwa, kemis da asibiti mafi kusa, masallacin da ake jam'i. Ni har inda ake samun gurasa mai kyau da mai tsiren da bai cika yaji ba nake rubutawa. Ranar dawowa ku yi waya kafin kowa ya kama hanya, a wanke zannuwan gado a share gida, makulli kuma a damƙa wa ƙanin nan naka hannu da hannu, ba a ƙarƙashin tukunyar fulawa ba.