Idan gaban yaro ya faɗi, ya kife wayar

Assalamu alaikum iyayen yara, na Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwanni. Ba za mu iya leƙa kowane saƙo a wayar yaranmu ba, amma za mu iya koya musu sauraron jikinsu. Ki gaya wa ɗanki: duk saƙon da ya sa gabanka ya faɗi, ko ka ji kunya, ka kife wayar ka zo wurin Umma ko Abba kafin ka amsa.

Har da zumuɗi, kuma shi aka fi mantawa. Mai cewa ka ci kyautar data, ka turo lambobi 6 da WhatsApp ya aiko maka yanzu-yanzu, gaggawar nan ce tarkonsa, da lambobin zai ƙwace asusunka na WhatsApp. Haka mai cewa kada ka faɗa wa kowa, ko mai neman hoto.

Sai dai nauyin yana kanmu. In yarinya ta zo jikinta na rawa kika hau ta da faɗa, kika ƙwace wayar, wallahi gobe shiru za ta yi. Ki zaunar da ita, ki sa mata albarka, ku ɗauki hoton saƙon, sannan ku toshe lambar tare.