Kurakuran da ɗaliban lafiya ke yi a fostin ɗin asibiti da karatun ƙashin kai

Mai karatun likita a Najeriya shekara 6 yake yi idan yajin aiki bai ƙara masa ba, kuma kusan rabinsu a cikin asibiti suke ƙarewa. Masu digirin jinya da masu na gwaje-gwaje shekara 5 ne, su ma da nasu zagayen. Ɗaliban Bayero suna Asibitin Malam Aminu Kano, na Ahmadu Bello suna Shika, na Sakkwato da Maiduguri kowa da asibitin koyarwarsa. Wuri akwai, marasa lafiya akwai har sun yi yawa. Duk da haka sai ka ga mutum ya kammala bai iya sa kanula (ɗan bututun da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani) ba, hannunsa na rawa idan an miƙa masa sirinji. Yawancin lokaci ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Tun ranar farko ya ɗauka cewa sa hannu a logbuk ya zo nema.

Wannan shi ne uban kurakuran. An yi logbuk ne don ya zama shaidar abin da hannunka ya taɓa: haihuwa nawa ka karɓa, ɗinki nawa ka yi, sau nawa ka sa robar fitsari. Sai ɗalibai suka juya abin. Mako uku littafin yana ƙasan jaka, ranar Alhamis ta makon ƙarshe sai a yi dafifi a ƙofar ofishin rijistara, wato likitan da ke horon zama ƙwararre, kowa yana "Chif, don Allah a taimaka." Wanda ya gaji zai sa maka hannu don ka ba shi wuri. Kai ka yi murna, amma ranar jarrabawar aikin hannu ba littafin za a tambaya ba, kuma ranar da ka zama ƙaramin likita kai kaɗai a kan kiran dare babu wanda zai ce ka nuna sa hannun.

Gyaran ba wuya. A daren farko ka buɗe littafin ka fitar da ayyukan da ake so a wannan sashe, ka raba su gida uku: waɗanda za ka kalla, waɗanda za ka taimaka a yi, waɗanda za ka yi da kanka ana tsaye a kanka. Duk wanda ka yi, a sa hannu a ranar, tun wanda ya duba ka bai manta fuskarka ba. Sannan ka san lokacin da aiki yake faɗowa. Da safe lokacin raun, wato zagayen duba marasa lafiya, mutum ashirin ne a bakin gado ɗaya, na baya ko muryar kwansaltan, babban likitan sashen, ba ya ji. Bayan la'asar, da dare, da ranar Asabar, ɗakin haihuwa da sashen gaggawa ba kowa sai ma'aikatan da aiki ya sha musu kai, kuma a lokacin ne ake cewa "Zo ka riƙe nan." Ɗalibar da ta zauna dare biyu a ɗakin haihuwa za ta ga abin da wata ba ta gani ba a wata guda na zuwa ƙarfe tara da tafiya sha biyu.

Akwai wani ɗan ƙaramin ha'inci da ya zama jiki har ba a ɗaukarsa laifi, wato rubuta awon da ba a yi ba. An ce ka duba numfashin yaro, ka kalle shi daƙiƙa biyar, ka rubuta 30 saboda lambar ta yi kama da daidai. Alhali a wajen yara ƙirgar minti ɗaya cur ake yi, yaron yana kwance ba ya kuka, domin daga wata 2 zuwa 11 numfashi 50 ko fiye a minti alamar sauri ce, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5 kuma 40 ne. Wannan lambar ce take raba mura da ciwon huhu a ƙaramin asibitin da ba na'urar hoto. Haka awon hawan jini: ka ɗaura wa mai kaurin dantse ƙaramin maɗauri, awon zai hau fiye da gaskiya. Haka awon dantsen yaro, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani. Ka ja zaren da ƙarfi ko ka sake shi, ka canza wa yaron hukunci. Idan ba ka auna ba, ka ce ba ka auna ba. Faɗan minti biyu za ka sha, ya wuce.

Ɗaukar bayanin mara lafiya ma akwai gyara. An koyar da tambayoyin da Turanci a jere, sai ɗalibi ya tsaya a kan dattijo yana sauke su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cike fom, idonsa a takarda. Dattijon zai yi ta cewa "E, likita," don kunya, ka tafi da labarin da bai faru ba. Ja kujera ka zauna. Ka gaishe shi yadda ake gaida babba, ka faɗi cewa kai ɗalibi ne, ka nemi izini. Maimakon ka tambaya ko yana shan maganin gargajiya, wanda kusan kowa zai musa a gaban farar riga, ka ce, "Baba, kafin a kawo ka nan, me da me aka gwada a gida? An jiƙa maka wani abu? An je kemis?" Sai ka ji zance ya ɓalle, har a ciro maka ledar magunguna daga ƙarƙashin matashi. Idan mace ce kuma mijinta ko surukarta na amsa mata kowace tambaya, ka nemi nas ta taimaka a samu minti biyar ita kaɗai. Akwai maganar da ba za ta taɓa fita ba a gaban uwar miji. Wanda ba ya jin Hausa sosai, ko aka kawo masa mai Fulfulde ko Kanuri zalla, ya nemi tafinta cikin ma'aikata, kada ya ɗora wa ɗan shekara goma nauyin fassara ciwon mahaifiyarsa.

Raina ma'aikatan jinya kuwa wauta ce zalla. Matiran ɗin da ta shekara ashirin a wod ta san jijiyar da ba ta ɓoyewa a hannun jariri, ta san mai jegon da fuskarta ta canza tun kafin awo ya nuna. Ɗalibin da ya shigo ya wuce teburinsu ba sallama ya rufe wa kansa ƙofa, don su ne ke kiran mutum idan aiki ya taso. Ka gabatar da kanka ranar farko, ka tambayi inda ake ajiye kaya, ka mayar da tire inda ka ɗauko shi.

Kishiyar wannan ita ce zaƙewa. Marasa lafiya da danginsu suna kiran duk mai farar riga likita, sunan kuma yana da daɗi a kunne. Daga nan sai ɗan aji huɗu ya fara ƙara gudun ƙarin ruwa, ko ya fassara wa dangi sakamakon gwaji, ko a unguwa ya koma rubuta wa maƙwabta allura. Ɗalibi ba shi da lasisi. Hukumomin da ke ba da shi, irin su MDCN ta likitoci da NMCN ta ma'aikatan jinya da ungozoma, sai bayan kammalawa suke yi wa mutum rajista. "Bari in kira wanda ke kula da shi" ba gazawa ba ce.

Sai batun kare kai, wanda ɗalibai ke wasa da shi fiye da kowa saboda ƙuruciya tana sa mutum jin cuta ta wasu ce. Da yawa suna fara taɓa jini ba su yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, alhali allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Ke nan tun ana ajin gawa, wato ajin koyon sassan jiki kafin a fara shiga asibiti, ya kamata a fara. Idan allurar da aka yi wa mai cutar ta soke wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100, na HIV kuwa wajen kashi 0.3 ne, amma ɗalibai na biyun kaɗai suke tsoro. Yawan sukar yana faruwa ne wajen mayar da murfin allura da hannu biyu. Kada ka mayar; jefa ta kai tsaye cikin kwalin allurai, kuma ka ajiye kwalin kusa kafin ka fara. In ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ban da matsa wurin, ban da zuba bilic, sannan ka faɗa wa shugaban wod nan take. Maganin kariya daga HIV ana son a fara shi cikin sa'o'in farko, bayan sa'a 72 ya makara, kuma kwana 28 ake sha. Ɓoyewa don tsoron faɗa ita ce ke cinye waɗannan sa'o'in. A lokacin rani kuma a tuna da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ya kuma kashe ma'aikatan lafiya a jihohi da dama. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, ba wurin nuna jarunta ba ne da hannu tsirara.

Waya: kada ka ɗauki hoton mara lafiya, ko fayil ɗinsa, ko jaririn da ka karɓa, ka sa a WhatsApp ko TikTok. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Rufe ido da ɗan baƙin layi ba ya ɓoye mutum a garin da ake gane mace da zanen da ta ɗaura.

Inda aka ba ɗalibi zaɓi, nan ma ana tafka kuskure. Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da shi a 1973, da fostin ɗin zaɓi na masu likitanci, duk dama ce ta ganin abin da makaranta ba ta nuna maka ba. Amma ma'aunin da yawa ke amfani da shi shi ne kusa da gida da kuma inda kawu yake aiki, don a sa hannu ba tare da an zo ba. Wasu kuma babban suna suke bi, su ƙare a ɗakin gwajin da na'ura ke yin komai, ba a barin ɗalibi ya taɓa ko maɓalli. Kafin ka kai takarda, ka je wurin da ƙafarka. Ka tambayi waɗanda suka yi bara: wa ke kula da ɗalibai, me aka bar su suka yi da hannunsu, mutum nawa ake gani a rana? Babban asibitin jiha mai cunkoso sau da yawa ya fi koyar da hannu. Fostin ɗin karkara ma, irin wanda ɗaliban Kano ke yi a Kumbotso da na Zariya a Yakawada, ana ɗaukarsa hutu, alhali nan ne za ka ga yadda ake ajiye rigakafi cikin sanyi inda wuta ba tabbas, da dalilin da ke sa mai naƙuda ta kwana biyu a gida kafin a nemo mota.

Karatun ƙashin kai shi ne ɗaya rabin, kuma kuskurensa shi ne tarawa. Waya cike da littattafan da ba a buɗe ba, rukunin Telegram goma, bidiyon YouTube ana kallo a kwance har barci ya ɗauke. Wasu kuma satifiket suke farauta: a danna gaba, a danna gaba, a sauke takarda. Abin da ke zama a kai shi ne wanda aka ɗaura a kan mutum. Ka ga mai jijjigar ciki yau, to daren yau karatunka jijjiga ne: me ya sa aka ba ta magnesium sulphate, me ake dubawa kafin a ƙara mata, me ke nuna ya yi yawa. Gobe ka koma ka buɗe fayil ɗinta ka gwada da abin da ka karanta. Ka rufe littafi ka faɗa wa abokinka da baki. Inda ka yi tuntuɓe, nan ne ba ka sani ba. Ka kuma lura da inda aka rubuta littafin. Wanda aka yi don Amurka ko Ingila zai ba ka tushen ilimi, amma matakan magance maleriya, tarin fuka ko Lassa a nan suna cikin ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da na hukumar daƙile cututtuka ta NCDC, kuma ana samunsu a intanet kyauta. PubMed, shafin neman binciken lafiya, kyauta ne wajen nema, sannan ka tambayi laburare ko makarantarku tana da rajistar HINARI, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun bincike. Manhajojin da ke amsa tambaya kuwa suna iya ƙirƙiro maka adadin magani ko sunan binciken da babu shi, cikin harshe mai santsi. Duk lambar da za ta shafi jikin mutum ka tabbatar da ita a littafi.

Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Irin wannan giɓin yana iya dawowa, kuma mai dabara yana rubuta takardar neman izini zuwa asibitin da ke kusa da shi, a san da zamansa a hukumance, a haɗa shi da wanda zai kula da shi. Shiga ta bayan fage saboda ka san wani a ciki yana da daɗi har ranar da wani abu ya lalace.

Aikin binciken shekarar ƙarshe ne ya rage. Ana zaɓar taken da ya fi ƙarfin aljihu da lokaci, wai jihar gaba ɗaya, alhali unguwa ɗaya ko asibiti ɗaya ya isa. Ana kwafo lambar nan 384, ta yawan mutanen da za a tambaya, daga aikin wani ba a san cewa ta fito ne daga ɗaukar yaɗuwar abu a kashi 50 da kuskuren kashi 5 ba, sai a daburce ranar kare aiki idan an tambaya. Ana barin neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike sai an gama tattara bayanai, alhali kafin a tambayi mutum na farko ake karɓarsa, kuma yana iya ɗaukar makonni. Mafi muni, ana zama a hostel a cike takardun tambaya da biro kala uku. Malamin da ya daɗe yana duba aiki yana gane wannan daga yadda amsoshin suka yi kyau fiye da kima. Ka fassara tambayoyinka zuwa Hausa tun da wuri, ka ba wani da bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci don a ga inda ma'ana ta kauce, ka gwada su a kan mutum goma zuwa ashirin a wata unguwa daban. Idan takarda 210 ka samu maimakon 384, ka rubuta 210, ka bayyana dalili a babin iyakokin bincike.